Idan har an halasta kirifto, me ya hana bankuna da kamfanonin fansho saye?

Malam Garba Ma'aji:
Assalamu alaikum. Ina neman shawara, don Allah masu sani su yi magana. Ni ne ma'ajin ƙungiyar taimakon kai da kai ta malaman makarantarmu, shekara tara ke nan. Duk wata ana cire wa kowa wani abu daga albashi, mu tara, mu ba da rance, da azumi mu sayo shinkafa da suga da mai mu raba. A taron Asabar da ta wuce matasan malamai uku suka taso da magana, wai kuɗin da ke kwance a asusu faɗuwar naira na cinye shi, gara a ɗebi kashi goma a sayi kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin ko USDT mai bin farashin dala, a ajiye. Ɗayansu har ya miƙo mini waya ya nuna mini labarin cewa Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan dokar da ta amince da kirifto tun 2025. Na ce su ba ni mako biyu. Tun ranar barcina bai daidaita ba, domin a cikin kuɗin nan har da na marayun abokan aikinmu biyu da suka rasu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, in da gaske an halasta, me ya sa ban ji bankina ya saya ba, ban ji kamfanin fanshona ya saya ba, alhali su ne da ƙwararru?

Khalifa:
Wa alaikumus salam Baba. Malaman nan naku suna da gaskiya. A farkon 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, kafin 2024 ta ƙare ta haura 1,500. Duk wanda ya bar kuɗinsa a naira an yi masa sata yana kallo. Su bankunanmu tsoro ne kawai da ci baya. BlackRock, katafaren kamfanin zuba jari na Amurka, ya fi su sanin kuɗi, kuma yana ciki tsundum.

Abban Sadiq:
Khalifa, ba tsoro ba ne, hani ne rubutacce. Malam Garba, ni ma'aikacin banki ne, a sashen da ke sa ido kan bin ƙa'ida nake, bari in faɗa maka abin da ya wuce ta kan teburina.

Ranar 5 ga Fabrairu 2021 Babban Banki ya aiko da takarda cewa a zaƙulo duk asusun da ke hulɗa da kirifto a rufe. Mun yi makonni muna bin bayanan asusun mutane layi-layi. Yaro ya rubuta "usdt" a wajen bayanin tura kuɗi, shi ke nan, asusunsa ya tafi. Daga baya an ci wasu bankuna tarar ɗaruruwan miliyoyi saboda an ce sun yi sakaci. Sai a Disamba 2023 aka fito da sabuwar ƙa'ida, wadda mutane ke cewa "an ɗage takunkumi". Amma mutum nawa ne suka karanta ta? Abin da ta ce shi ne banki na iya buɗe wa kamfanin kirifto asusu idan yana da lasisin SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannayen jari, kuma ko tsabar kuɗi ba a cirewa daga irin wannan asusun. Shi kansa bankin kuwa an sake jaddada cewa ba zai riƙe kirifto ba, ba zai saya ba, ba zai sayar ba da kuɗinsa. To ka ga amsar tambayarka ta farko. Ko manajan darakta yana mutuwar son Bitcoin, hannunsa a ɗaure yake.

Malam Garba Ma'aji:
Ikon Allah. To ita dokar 2025 ɗin fa, ba ta goge wannan ba?

Barista Hadiza:
Ba ta goge ba Malam, domin ba gona ɗaya suke noma ba. Dokar da aka sa wa hannu a Maris 2025 dokar zuba jari da hannayen jari ce. Abin da ta yi shi ne ta sanya kadarorin intanet a cikin jerin abubuwan da hukumar SEC ke da hurumi a kansu, kamar yadda take da hurumi a kan hannun jari. Wato yanzu akwai wanda za ka je wa da ƙara, akwai wanda zai ba da lasisi ya kuma ƙwace. Ta kuma tanadi hukunci mai tsauri ga masu shirya damfarar nan ta "kawo dubu goma ka karɓi dubu ashirin", har ɗaurin shekara goma.

Amma banki Babban Banki ne ubangidansa. Kamfanin fansho kuma hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ce ke rubuta masa abin da zai iya saye da kuɗin ma'aikata: takardun bashin gwamnati, sukuk (takardun zuba jari marasa ruwa), hannun jarin kamfanonin da ke kasuwar hannayen jari, da makamantansu, kowanne da iyakar kason da ba zai wuce ba. Abin da ba ya cikin jerin, ba ya taɓuwa. Mutane suna ɗauka da an ce abu ba laifi ba ne, sai kowa ya kwasa. Ga mai kuɗin kansa haka ne. Ga wanda aka ba amanar kuɗin wasu kuwa, rashin hani bai isa ba, sai an ba shi izini a rubuce. Kuma Malam Garba, kai a layin masu amana kake, ba a layin Khalifa ba.

Ɗan Kwari:
Ni dai in za a bi ta tawa, wannan doka da ake ta yabo ba mu ta amfana ba. Shekara uku ina biyan masu kayana a Guangzhou da USDT. Da safe in tura, kafin in idar da sallar azahar mutumina ya turo hoton rasit. Ta banki kuwa sai ka cike fom, ka jira, ka yi ta sintiri, kaya na can na jiran kuɗi. Da aka taso wa Binance, babbar kasuwar musayar kirifto, a 2024 suka rufe hada-hadar naira, wa ya sha wuya? Mu ne. Manya suna da hanyoyinsu.

Abban Sadiq:
Alhaji, ba na musun wahalar da kuka sha. Amma tunda ka ambaci wannan rikici, shi ne ma babban abin da ya sa manyan masu jari na waje suka ja da baya. Duba jerin yadda abin ya faru. Disamba 2023 an ce an buɗe ƙofa. Fabrairu 2024, wata biyu kacal, gwamnan Babban Banki Cardoso ya fito ya ce dala biliyan 26 ta ratsa ta Binance a Najeriya cikin shekara ɗaya ba a san masu ita ba. A watan ne aka tsare jami'an kamfanin biyu da suka zo Abuja tattaunawa. Ɗaya ya tsere, ɗayan, Tigran Gambaryan, ya yi kusan wata takwas a tsare kafin a janye tuhumar da ake yi masa a Oktoba. Ba ina cewa gwamnati ba ta da hujja ba, naira na zubewa a lokacin kuma ana zargin farashin P2P, wato cinikin mutum da mutum a manhaja, na rura wutar. Amma ka sa kanka a kujerar wani mai kula da asusun biliyoyin daloli a Landan ko Dubai. An kawo maka takarda a sa kuɗi a kamfanin kirifto na Legas. Tambayarka ta farko ba riba ba ce. Za ka ce, ƙa'idar da aka nuna mini yau, za ta kai baɗi?

Yusuf Toronto:
Salam jama'a, yanzu na tashi daga aiki na tarar da zancen ya yi nisa. Aikina lissafin asusun zuba jari ne a nan Kanada, don haka bari in ɗan tsaya a kan maganar Khalifa ta BlackRock, saboda gaskiya ce amma rabinta ya faɗa.

Tun 2013 ake neman hukumar SEC ta Amurka ta amince da asusun ETF na Bitcoin, wato asusun da ake sayen kasonsa a kasuwar hannayen jari, tana ƙi. Shekara goma. Sai da kamfanin Grayscale ya kai ta kotu ya yi nasara a Agusta 2023, sannan ranar 10 ga Janairu 2024 ta amince da guda goma sha ɗaya a lokaci guda. Kafin shekarar ta fita, na BlackRock kaɗai ya haura dala biliyan 50. To Bitcoin ɗin bai canza ba tsakanin 9 ga wata da 11 ga wata. Abin da ya canza shi ne kwanon da aka zuba shi. Da, in asusun fansho zai saya, sai ya buɗe walet, wato ma'ajiyar kirifto, ya riƙe mabuɗin sirri, ya amsa wa odita tambayar da ba shi da amsarta: ina kayan suke, wa ke riƙe da su, in ya mutu ko ya gudu fa? Yanzu kuwa takarda ce ake saye a kasuwar Nasdaq kamar kowane hannun jari, akwai kamfani daban da aikinsa ajiya kawai, akwai odita, akwai farashin rufe kasuwa na kullum da zan saka a littafi. Ni da ke zaune gaban kwamfuta ina daidaita lissafi, wannan shi ne bambancin abin da zan iya shigarwa da abin da ba zan iya ba.

Sannan ku lura da yawan da suke sakawa. Hukumar da ke juya kuɗin fanshon jihar Wisconsin ta sayi na kusan dala miliyan 160 a farkon 2024, duniya ta ɗauka. Amma kuɗin da take juyawa ya haura dala biliyan 150. Wato kusan naira ɗaya ce a cikin kowace dubu. Kuma bayan shekara ta sayar. Malaman Malam Garba kashi goma cikin ɗari suke magana, ninki ɗari na abin da Wisconsin ta yi.

Khalifa:
To ai Mubadala, hukumar zuba jarin gwamnatin Abu Dhabi, ita ma ta saya, sama da dala miliyan 400. Su ma ba su san abin da suke yi ba ne Yaya Yusuf?

Yusuf Toronto:
Sun sani ƙanena, kuma ta ƙofar ETF ɗin nan suka shiga, ba ta manhajar waya ba. Su ma in ka auna da dukiyar da suke juyawa, ɗigo ne.

Akwai wanda ya fi kusa da Malam Garba, don malaman makaranta ne kamarsa. Asusun fanshon malaman Ontario, a nan inda nake, ya zuba dala miliyan 95 a kamfanin musayar kirifto na FTX. Nuwamba 2022 FTX ya ruguje, aka gano ana kwasar kuɗin masu ajiya ana kai wa wani kamfani na mai shi. Asusun ya rubuta kuɗin a matsayin asara gaba ɗaya. Temasek, kamfanin zuba jarin gwamnatin Singapore, dala miliyan 275 ya rasa. Waɗannan suna da lauyoyi da masu bincike da ba za mu iya biyan albashinsu na wata ba, amma aka yaudare su, domin hedikwatar kamfanin tana Bahamas, kuma babu wanda ya tilasta masa raba kuɗin mutane da nasa a aikace. Abin da ya ceci malaman Ontario shi ne kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin dubu biyu na dukiyarsu ba. Ba malami ɗaya da fanshonsa ya ragu.

Maman Hanif:
Malam Garba don girman Allah kar ka yarda. Ni na gani a jikina. Wata ƙawata ta sa ni a wata manhaja, an ce kwamfuta ce ke yin cinikin kirifto da kanta, kuɗinka zai ninka a wata ɗaya. Har da takardar rajistar kamfani suka turo a guruf, da hatimi da komai. Na sayar da ɗan kunnena da sarƙa na gado na saka. Wata na farko na ga lamba tana hawa, har na cire kaɗan na yi cefane. Ran da na je cire na kuɗin makarantar Hanif, sai manhajar ta ce in ƙara dala ɗari a tantance ni. Na ƙara. Washegari ko buɗewa ba ta yi. Har yau maigidan bai san sarƙar ba ta cikin akwati ba.

Barista Hadiza:
Allah ya mayar miki da alheri Maman Hanif. Abin da ya same ki shi ne abin da nake gani a ofis kusan kullum. Takardar rajistar kamfani ba lasisin karɓar kuɗin jama'a ba ce. Kowa na iya yi wa kamfani rajista cikin kwanaki. Lasisin SEC daban yake, kuma ƙa'idar da hukumar ta fitar a Mayu 2022 ta ce a lokacin kasuwar musayar kirifto sai ta nuna jarin naira miliyan 500 kafin a saurare ta. Sai a Agusta 2024 aka ba kamfanoni biyu na farko, Busha da Quidax, amincewar wucin gadi. Ku duba tazarar: Najeriya ce ƙasar da kamfanin binciken kirifto Chainalysis ya sa ta biyu a duniya wajen amfani da kirifto a 2024, amma masu takarda a hannu ba su cika yatsun hannu ba a lokacin. Duk sauran hada-hadar a tsakanin waya da waya take. Babban mai jari ba zai iya zuba biliyan a kasuwar da mafi yawanta ba ta da adireshi ba.

Ɗan Kwari:
To Barista ai kin zo kan maganata. Wa ke da miliyan 500? Yaran da ke mana canji a nan kasuwa, masu gaskiya, waɗanda shekara da shekaru ba su ci kobon kowa ba, doka ta mayar da su 'yan bayan fage. Ana share fili ne don manya su shigo su karɓe sana'ar.

Yusuf Toronto:
Alhaji, a wannan kam ina tare da kai fiye da yadda kake zato. Haka ta faru a Turai. Dokarsu ta kirifto, MiCA, ta fara aiki gaba ɗaya a ƙarshen Disamba 2024. Kamfanin Circle mai USDC, takwaran USDT, ya je Faransa ya karɓi lasisi, shi kuwa USDT da kake amfani da shi, manyan kasuwanni suka cire shi ga mazauna Turai saboda bai cika sharuɗɗan ba. Doka tana zaɓen wanda zai rayu, kuma galibi mai kuɗin ɗaukar lauya ne ke rayuwa. Ban ce adalci ba ne. Amma ban san wata hanyar da za a ce wa mai kuɗin marayu ya shigo ba tare da ita ba.

Abban Sadiq:
In ƙara da wani abu da ba a cika faɗa ba. Ko gobe Babban Banki ya ce mu saya, akwai ƙa'idar kwamitin Basel da bankunan duniya ke auna kansu da ita. Ta ɗora wa irin su Bitcoin nauyin haɗari na kashi 1,250 cikin ɗari. A sauƙaƙe, duk naira ɗari da banki ya sa a ciki, sai ya ware naira ɗari daga jarinsa ya jingine. Takardar bashin gwamnati kuwa kusan ba ta cin komai daga jari, ga riba tabbatacciya. Wane manaja ne zai bar wannan ya ɗauki wancan? A Amurka ma akwai wata ƙa'idar lissafi ta 2022 da ta sa ajiye wa mutane kirifto ya yi wa bankuna tsada, sai da aka soke ta a Janairu 2025 suka fara motsi. Layi ɗaya a takardar hukuma yana tsayar da biliyoyi ko ya sake su.

Ustaz Nura:
Assalamu alaikum. Na ga ba a taɓo ɓangaren da membobin Malam Garba za su fara tambaya ba. Malamai sun saɓa a kan wannan abu, kuma saɓani ne na gaske. Muftin Masar ya haramta Bitcoin. Majalisar malaman Indonesiya a 2021 ta ce bai halatta a yi amfani da shi a matsayin kuɗi ba saboda gharar (rashin tabbas a ciniki) da cutarwa. A Malesiya kuwa, majalisar shari'a ta hukumar hannayen jarinsu ta halatta cinikinsa a 2020, amma a kasuwannin da ke da rajista da hukumar. Ku lura da wannan sharaɗi. Su ma malaman da suka sassauta, sa idon hukuma ne ya rage musu shubuhar. Mutum shi kaɗai yana iya bin fatawar da ta natsar da zuciyarsa. Kuɗin jama'a kuwa, in mutum ɗaya a cikinsu yana ganin haramun ne, da wane hakki za a sa guminsa a ciki? Balle dukiyar maraya, wadda Alƙur'ani ya ce kada a kusance ta sai ta hanyar da ta fi kyau.

Khalifa:
Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini maganar naira. Kuɗin marayun da ke kwance yana narkewa, shi wannan ba cutarwa ba ce? Ko don ba a ganin ɓarawon?

Barista Hadiza:
Cutarwa ce Khalifa, kuma ka yi daidai da ka nace. Barin kuɗi a kwance ba tsare amana ba ne. Amma tsakanin asusun da ba ya haihuwa da Bitcoin akwai tasha da yawa. Gwamnatin tarayya na fitar da sukuk tun 2017, akwai asusun zuba jari marasa ruwa masu rajista da SEC, ƙungiya na iya saye da sunanta, takarda ta fito da sunanta. Kuma ka tuna Bitcoin ya kai kusan dala 69,000 a Nuwamba 2021, bayan shekara ɗaya ya dawo ƙasa da 17,000. Kai za ka iya jira ya farfaɗo. Malamin da matarsa ke asibiti ya zo neman rance ranar da kasuwa ta faɗi, shi ba zai iya jira ba. Kuɗin banki in bankin ya rushe NDIC, hukumar inshorar ajiyar banki, na biyan har naira miliyan 5. Walet ba shi da NDIC.

Malam Garba Ma'aji:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Maganar Yusuf ta "wa ke riƙe da kayan" ita ta fi shiga jikina. Mu cekinmu sai mutum uku sun sa hannu, ni da shugaba da sakatare, kuma littafin yana cikin durowar ƙarfe a ofishin shugaban makaranta. Jiya na kira ɗaya daga cikin yaran na ce, in mun saya, a ina zai zauna? Ya ce a wayarsa, akwai wasu kalmomi goma sha biyu da zai rubuta a takarda ya ɓoye. Na ce in Allah ya yi maka rasuwa fa? Ya yi shiru. Yaron kirki ne, ba na zarginsa da komai, amma shirun nan ya ishe ni.

Khalifa:
Baba akwai walet da sai mutum biyu ko uku sun amince kafin kuɗi ya fita. Ana yi. Zan iya nuna muku.

Abban Sadiq:
Ana yi, gaskiya ne. Amma jami'in da ke zuwa duba littafin ƙungiyoyi daga ma'aikata, da me zai tabbatar? Shi bayanin banki mai hatimi ya sani.

Malam Garba Ma'aji:
Khalifa, ka zo ranar Asabar ɗin ka nuna mana, ina so in gani da idona, kuma maganarka ta narkewar kuɗi zan sa ta a ajanda da kaina. Amma kason marayun ba zai motsa ba. Barista, dokar ƙungiyarmu akwai wani sashe da ya yi maganar inda za a iya ajiye rarar kuɗi, tun 2009 aka rubuta shi, ban taɓa karanta shi da wannan idon ba.

Barista Hadiza:
Ɗauki hoton shafin ka turo mini ta akwatin sirri yau da dare Malam, har da shafin da ya faɗi yawan membobin da ake buƙata kafin a gyara sashe. In duba kafin Juma'a in sha Allah.